Dikodar da ke da sunansa

Yau na tsayar da biyan kuɗin dish ɗin falo, wato kuɗin dikodar da muke kallon tashoshi da ita. Tun rabuwarmu da baban yarana kuɗin ke fita daga asusuna duk wata, amma rajistar da sunansa take, da lambar wayarsa. Da na je ofishin kamfanin dish ɗin don a tsayar, yarinyar da ke aiki a wurin ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, sai mai sunan ya zo da katin shaida, ko ya karanto lambar da za mu tura masa." Wallahi zuciyata ba ta kai ga kiransa ba tukuna. Banki na wuce, suka dakatar da cirewar. Yaran ne suka fi ba ni tausayi, sun saba kallon katun bayan Islamiyya. In albashi ya shigo zan saya musu sabuwar dikoda da sunana, in sha Allah.