Kududdufan Kano da ruwan saman da ya rasa wurin zama

Duk shekara, da zarar watan Agusta ya kama, marka ta sauka a Kano, sai a koma kan magana guda, wato yashe magudanan ruwa. Ba na raina wannan aiki, domin lambatun da leda da robobi suka toshe ba shi da wani amfani. Sai dai na daɗe ina ganin cewa ko da an share kowace kwata da ke cikin gari, ambaliya ba za ta ƙare ba, saboda ruwan da yake gangarowa a yau ya fi ƙarfin hanyoyin da aka tanadar masa, kuma mu ne muka ƙara masa yawa da hannunmu.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san yadda kududdufi yake samuwa. Daga nan ake haƙar ƙasar da ake yin tubali da ita, a gina gidaje, a ɗaga ganuwa, ramin da ya rage kuwa ya zama matattarar ruwan unguwa. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kududdufin yakan riƙe shi, ƙasa ta riƙa shanye shi a hankali, rijiyoyin maƙwabta su samu, abin da ya yi saura ne yake malala zuwa Jakara, wadda ta ratsa ta gefen kasuwar Kurmi ta nufi madatsar Wasai a Minjibir. A 'yan shekarun nan an cike da yawa daga cikin waɗannan kududdufai da shara da ɓaraguzai, an yanka fuloti, an gina shaguna, kamar yadda kowa yake gani a bakin ganuwa ta titin BUK. A lokaci guda kuma soron ƙasa ya koma rufin kwano, tsakar gida ta koma daɓen siminti, ƙofar gida ta sha intalok.

Lissafin abin ba shi da wuya. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai faɗin murabba'in mita 1 yana ba da lita 1. Ke nan gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, zai zubar da lita 5,000, daidai da jarka 200 masu cin lita 25. Duk wannan daga indararo yake sauka a kan siminti, ya fita ta kwata zuwa lungu cikin 'yan mintuna, ya haɗu da na sauran gidajen layin. Abin da ya fi damuna shi ne, mai gidan nan da kansa zai sayi ruwa a hannun 'yan garuwa idan bazara ta zo. Lokacin da ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ya lalata atamfofi da yadudduka, 'yan kasuwa da dama sun ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa.

Faɗaɗa magudana da zuba mata kankare yana da amfaninsa, amma yana hanzarta tura ruwan ne zuwa unguwar da take gangare. Wasu biranen da suka riga suka cika da gini sun gane haka. Bayan ruwan da ya mamaye birnin Kwapanhagan na ƙasar Danmak a ranar 2 ga Yulin 2011, hukumomin birnin sun fitar da tsari a 2012 na sauya fasalin tituna da lambunan shaƙatawa domin su riƙe ruwa na ɗan lokaci. A Rotadam ta ƙasar Holan kuwa, a 2013 aka buɗe wani dandali mai zurfi wanda matasa suke wasa a cikinsa idan babu ruwa, ya kuma zama tafki idan an yi mamako. Aikin da kududdufi yake yi ke nan, sai dai su da gangan suka gina nasu.

Na san dalilin da ya sa mutane suke murna idan an cike kududdufi: yana tara sauro, yana wari, an mai da shi juji, kuma ya sha cin rayukan yara. Duk waɗannan suna da magani. Ana iya yashe shi, a kewaye shi da katanga, a sa raga a mashigar ruwan domin tare shara, a yi masa mafita wadda za ta rage ruwan cikin 'yan kwanaki, sannan a hana juya masa ruwan masai.

Ina ganin ya kamata hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ta ƙididdige kududdufan da suka rage, ta sanya su a taswira, ta haramta yanka su, kuma kada ta amince da zanen sabon gini ko rukunin shaguna sai an nuna inda ruwan rufinsa zai tafi. Filayen makarantu da tashoshin mota da harabar ofisoshi su ma za a iya ɗan sassauta daɓensu, a bar musu ƙasa da bishiyoyi. A gida kuwa, tankin da aka haɗa da indararo da ɗan fili da aka bari babu siminti a tsakar gida za su rage abin da yake fita waje. Wanda zai haƙa ramin shanye ruwa ya cika shi da tsakuwa, ya nisanta shi da tushen gini domin kada danshi ya ci bango, ya kuma nisanta shi da masai domin kada ƙazanta ta bi ruwan ta shiga rijiya.