Wuƙar da ba ta yanka: ziyarata garin Boscastle

Daga Exeter zuwa Bude babu abin ba da labari sai kwana-kwanar hanya da tumaki. A Bude na canza bas, na tambayi direban inda zan sauka, ya dube ni sheƙeƙe ya nuna allo da haɓa, bai ce uffan ba. A tashar Kano ko ɗan kamasho mafi masifa zai ce maka "gaba kaɗan, Malam." Abin ya ci mini rai har muka isa.

Boscastle ɗan ƙaramin gari ne a gaɓar tekun Cornwall, kudu maso yammacin Ingila. A bakin ruwa gidan tarihin maita da tsafi yake, tun 1960 da Cecil Williamson, wanda ya kafa shi, ya kawo kayansa nan. Ambaliyar watan Agustan 2004, wadda ta kwashi motoci ta zuba a teku, ta shiga cikinsa, amma ya tsira. Na yi addu'ata na shiga. Layu, kwalabe cike da ƙusoshi, 'yan tsanan kakin zuma da aka soka wa allurai: wanda ya taɓa leƙa ɗakin boka a ƙauye ba zai ji baƙunta ba. Bature ma ashe ya daɗe yana binne-binne.

Sashen addinin Wicca, na masu kiran kansu mayu, ne ya fi tsayar da ni. Na zaci tsohon addini ne, ashe Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin mulkin mallaka a Malaya, shi ya fito da shi fili a 1954, bayan an soke dokar hana maita a 1951.

Bayanin da ya zauna mini a kai kuwa a masauki na same shi. Dattijuwar da ke da gidan, mai bin addinin Wicca, tana sanye da sarƙa mai tauraro mai tsini biyar a cikin da'ira. Na ce, "Mama, wannan fa?" Ba ta ji haushi ba. Ta zuba mini shayi, ta sa yatsa tana bin tsinin ɗaya bayan ɗaya: ƙasa, iska, wuta, ruwa, na sama kuma ruhi. Sannan ta kai ni gaban wani ɗan teburi da ta lulluɓe da kyalle.

Akwai wuƙa mai baƙar ƙota, kaifi biyu, suna kiranta atame. Gabana ya faɗi, don ni da na ga wuƙa a wurin tsafi sai in tuna baƙin bunsuru da jan zakaran 'yan bori. Ta ce wannan wuƙar ba ta taɓa yanka komai ba, kuma ba a zubar da jini a ibadarsu. Da ita ake zana da'ira a iska kafin a fara, wai a killace wurin. Wata wuƙar mai farar ƙota, mai lanƙwasa irin ta lauje, ita ke yankan ganye da igiya. Na nemi in riƙe baƙar, ta girgiza kai cikin ladabi: ba mai taɓa ta sai mai ita. Hakan ya burge ni, domin wanda ya san darajar abinsa shi ke hana a taɓa.

Sauran kayan duk na gida ne da aka ɗora wa ma'ana. Kofin azurfa na wakiltar ruwa da mace, wuƙar kuma namiji. Idan aka tsoma bakinta a kofin, haɗuwar biyun ke nan. Faifai mai zanen tauraron shi ne ƙasa. 'Yar sanda wasu sun ce iska ce, wasu wuta, su kansu ba su daidaita ba. Tsintsiya ta share wurin da'ira ce, ba ta hawa a tashi sama ba kamar yadda fina-finai ke nunawa. Zanen wata uku, jinjiri da cikakke da mai ƙarewa, shi ne allahiyarsu a matsayin budurwa da uwa da tsohuwa. Abin bautarsu namiji mai ƙaho kuma abokin zamanta. Nan na gaya mata gaskiya cewa a addinina wannan shirka ce, ba zan yarda da shi ba. Ta ce ta sani, ta ƙara mini shayi. Da safe na tarar ta dafa mini ƙwai a wani kasko daban don kada ya taɓa naman alade, ba tare da na roƙa ba. Allah Ya shirye ta, mutuniyar kirki ce.

Garin Glastonbury kuwa, inda na yada zango a hanyar Landan, kasuwa ce zalla. Shaguna jere a babban titi, turare ya cika hanci, wuƙar da maƙerin Kurmi zai ƙera maka kafin la'asar an lafta mata kuɗin da zai ciyar da gida mako guda. Na ce a yi mini ragi don in ji, yarinyar shagon ta ce farashi ɗaya ne. Kasuwar da babu tayi babu albarka ai ba kasuwa ba ce. Har tsintsiya an ɗaura mata kintinkiri an ninka kuɗinta.

Na hau Tor, tudun da ke gefen garin, iska na neman kayar da ni, na sauko. Stonehenge, da'irar manyan duwatsu ta mutanen dā, ta tagar mota na hango shi, ana ruwa, muka wuce Landan.