Kafin ka taɓa sssd.conf, duba agogo

Ƙanena mai shiga aikin kula da sabar Linux, ranar da ma'aikata za su taru a kanka suna cewa kwamfuta ta ƙi karɓar kalmar sirrinsu, hannunka zai yi ta ƙaiƙayin buɗe sssd.conf, fayil ɗin saitin SSSD, manhajar da ke haɗa kwamfutar Linux da rumbun sunayen ma'aikata da ke kan saba. Ni ma a farkon aikina haka na yi, na dagula fayil ɗin da lafiyarsa ƙalau, ashe agogon na'urar ne ya kauce.

Kerberos, tsarin da rumbunan sunaye irin su Active Directory da FreeIPA suke tantance mutane da shi, ba ya yarda agogon kwamfuta ya saɓa da na saba fiye da minti 5. Mu kuwa da ake ɗauke wa wuta ba sallama, idan ƙaramin batirin agogon da ke cikin kwamfuta ya mutu, sai ta tashi da kwanan wata na shekarun baya. A nan ko takardar shaidar TLS, wadda saba ke tabbatar da kanta da ita, ba za ta karɓu ba. Buga umarnin date ka ga lokacin na'urar, ka bi shi da chronyc tracking ka ga ko agogon ya kauce. Ko minti ɗaya ba zai ci maka ba.

In agogo daidai yake, sai ka buga getent passwd da sunan mutumin, domin wannan ne zai raba maka hanya. Idan bai dawo da komai ba, na'urar ba ta ganin rumbun sunaye ke nan. Duba ko akwai sss, wato SSSD, a /etc/nsswitch.conf, sannan ka leƙa /etc/resolv.conf, inda ake rubuta sabar DNS da na'urar ke tambaya adireshin sauran na'urori. Sau da yawa wani mai son taimako ne ya sa 8.8.8.8, sabar DNS ta Google, don intanet ta yi sauri, alhali Google bai san sunayen cikin gidanku ba, balle ya nuna inda _ldap._tcp yake, wato bayanin da ke nuna sabar LDAP mai riƙe da rumbun sunaye. Gwada ƙofofi kuma: 389 da 636 na LDAP, 88 na Kerberos. Idan kuwa sunan ya fito amma shiga ta gagara, koma wajen PAM, sashen Linux mai tantance masu shiga, da Kerberos.

Ɓarnar da ta fi ƙona mini rai ita ce ta ma'ajiyar SSSD. Sabar LDAP ta faɗi, amma mutane suna ta shiga abinsu, saboda an kunna cache_credentials, SSSD tana riƙe da bayanansu a /var/lib/sss/db. Ni kuma da na ga mutum ɗaya ya kasa, sai na share duk abin da ke ciki wai don a fara sabo. Nan take kowa ya tsaya cak, har da ni, ba kuma inda za a sake ɗebo bayanan sai saba ta dawo. Kada ka share wurin nan sai ldapsearch ya tabbatar maka saba tana amsawa.

Idan gyaran ya kai ka ga /etc/pam.d, bar taga ɗaya ta root, asusun mai cikakken iko, a buɗe, ka gwada shiga ta wata daban, kuma ka riƙe asusu guda na cikin na'urar wanda bai dogara da LDAP ba. SSSD takan ƙi tashi idan izinin sssd.conf ya yi sako-sako; chmod 600 ne maganinsa. Abin da ya rage yana /var/log/sssd, amma da wuya ka ga abin kirki a ciki sai ka sa debug_level = 6 a sashen domain, ka sake tayar da ita.