Takardun tirela a Gombe: inda masu mota suke tuntuɓe

Mai tirela da zai ɗauki siminti daga Ashaka ko hatsi daga Tudun Hatsi yana hulɗa da hukumomi iri biyu, na jiha da na tarayya, kuma takardar wannan ba ta maye gurbin ta wancan.

Jiha ce ke ba da lambar mota da lasin mota na shekara, ta hannun hukumar tattara haraji, tare da izinin dakon kaya. Jami'an VIO kuma su ne ke duba birki, tayoyi, fitilu da sitiyari, su ba da shaidar lafiyar mota. A nan ake yawan faɗawa rami: shaidar motar haya, har da tirela, wata 6 take yi, ba shekara ba. Sai mutum ya sabunta komai rana ɗaya, ya ɗauka ya huta, shaidar ta mutu a aljihun direba, a tsare mota da kaya a hanyar Yola.

Inshora ita ce ta fi damuna. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa kuɗin inshorar dole ta babbar motar dako Naira 100,000, wadda ke biyan ɓarnar dukiyar wani har Naira miliyan 5. Duk ɗan kamashon da ya miƙo maka takarda a bakin ofis a kan kuɗin da bai kai haka ba, ka yi shakka. Ka sa lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID ta waya kafin ka bar wurin. In sunanta bai fito ba, takarda kawai ka saya, kuma ranar haɗari daga aljihunka za ka biya. Wannan inshorar ba ta rufe kayan da ke kan motar, sai an yi musu tasu daban.

Direban tirela lasin rukunin G yake buƙata. Ƙwarewar yaron mota da ya koyi tuƙi a hannun maigidansa ba ta isa hujja a gaban hukuma.

Wanda motocinsa suka kai 5 dole ya yi rajista da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, a ƙarƙashin tsarin RTSSS na sa ido kan masu motocin sufuri, ya naɗa jami'in kula da kiyaye haɗurra. Na'urar ƙayyade gudu kuwa tun 2017 ake kama motocin hayar da ba su da ita. Shi kansa kamfanin a yi masa rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, domin manyan masana'antu ba sa ba da kwangilar dako ga sunan da ba shi da rajista.