Abin da na gani a akwatin wutar gidanmu

Jiya mai gyaran wuta ya buɗe akwatin wutar gidan da muka tare, sai ya kira ni in zo in gani da idona. Inda ya kamata a ce akwai fiyus, wani ya murɗa wayar tagulla mai kauri ya cusa. Robar wurin ta yi baƙi, tana warin ƙuna. Wallahi sai da gabana ya faɗi, yara suna kwana a gidan nan.

Ita wayar cikin fiyus da gangan aka yi ta siririya. In wuta ta wuce ƙimar da aka rubuta masa, kamar amfiya 3 ko 13 da ake gani a filogi, sai ta narke ta yanke hanya tun wayoyin cikin bango ba su yi zafi ba. In ka sa mai kauri ba za ta narke ba, wayar bango ce za ta ɗauki zafin, daga nan sai gobara.

Bireka muka sa yanzu a madadin fiyus, wato na'urar da ke faɗuwa da kanta ta yanke wuta in ta wuce ƙima. A cikinta akwai ɗan ƙarfe da zafi ke lanƙwasawa in an lafta mata kaya, da maganaɗisu da ke kashe ta nan take in wayoyi biyu suka haɗu.

Don Allah jama'a, in bireka ta faɗi kun ɗaga ta sake faɗuwa, ku daina tilasta mata. Ku zare hita da dutsen guga daga soket ɗaya, in ta ƙi tsayawa a kira mai gyara.