Daren da na taɓa glibc a sabar ofis

Gobe ne ranata ta ƙarshe a wurin aikin nan, kuma wallahi har yau maganar glibc, wato laburaren da kusan duk manhajojin sabar Linux ɗinmu ke dogara da shi, ita ce ta fi tsaya min a rai. Waɗanda muka yi aiki tare kun san tsohuwar sabar CentOS 7 (wani nau'in Linux) ɗin nan mai ɗauke da manhajar albashi. glibc 2.17 ce a kanta, su kuma yaran da ke rubuta manhaja sun koma Node.js 18, wato abin da manhajarsu ke gudana a kai, wadda ba ta tashi sai da glibc 2.28 zuwa sama. Sau uku ina tura wa Oga imel cewa mu kwashe komai mu koma sabon tsari tunda ƙarshen Yuni 2024 za a daina kula da CentOS 7, ya ce babu lokaci, kai dai ka ɗaga laburaren kawai ai fayil ɗaya ne.

Ba fayil ɗaya ba ne, kuma na sani, laifina shi ne na yarda. libc.so.6, babban fayil ɗin glibc, tare take tafiya da ld-linux ɗinta mai loda ta, kusan duk wani umarni a kansu ya rataya. Bayan isha'i na haɗa 2.28, na jefa ta cikin /lib64 na sauya mahaɗin libc.so.6 ya koma nuna sabuwar, na buga umarnin ls sai kuskure, cp haka, mv haka, sabon ssh, hanyar shiga sabar daga nesa, ma ya ƙi shiga. Taga ɗaya tak ta root, asusun mai cikakken iko, ta rage min a buɗe, gumi na keto min duk da sanyin AC, ina ta addu'a kar netwok ya yanke, ga albashin mutane saura kwana biyu. sln, ƙaramin umarnin yin mahaɗi, ne ya cece ni, shi ba ya neman libc kafin ya tashi, da shi na mayar da mahaɗin kan libc-2.17.so, na goge sabuwar nan take don kar ldconfig, mai sabunta mahaɗan laburare, ya sake komawa kanta.

Washegari a taro Oga ya ce gaban kaina na yi. Na yi shiru, amma imel ɗin suna nan.

Ku da kuka rage, ku gwada komai a kwantena, wato keɓaɓɓen wurin gwaji, tukuna, umarnin baki kuma ku ce a rubuto muku. Daga baya ni na kwashe sabar zuwa AlmaLinux 8, wani nau'in Linux mai glibc 2.28, a ƙarshen mako biyu, ko minti ɗaya albashi bai makara ba, a rahoton da aka kai sama kuma babu sunana.