Asabar, ranar da jikan Inna ya hau ƙanƙara

Ana idar da azahar ƙanena ya kira ta WhatsApp daga Monreyal ta ƙasar Kanada. Can ƙarfe 9 na safe ne, mu nan Damagaram 2 ta yi, zafin kaka ya hana kowa sakat. Yau ɗansa mai shekara 7 zai fara koyon hoki na ƙanƙara, wasan da ake sulɓi a kan ƙanƙara ana kora ƙwallo da sanda. Na kai wa Inna wayar ƙarƙashin bedi.

Tun sati biyu da suka wuce nake faɗa da shi kan maganar nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Adam Johnson, ɗan wasan hoki na Amurka da ya rasu a Ingila a Oktoban 2023, bayan ƙarfen takalmin wani ya yanke shi a wuya ana tsakiyar wasa. Takalman nan reza ce a ƙarƙashinsu, har wasa su ake yi kamar wuƙa. Na ce masa ko dai in ga abin kare wuya da idona, ko ya mai da yaron ƙwallon ƙafa.

Ya nuna mini. Ƙyalle ne mai kauri da ke zagaye wuya, kuma ya ce a Kanada dole ne ga yara, ba a barin su shiga fili babu shi. Daga nan ya riƙa sa wa yaron kaya muna kallo: abin kare ƙwauri da gwiwa, wando mai soso, na kafaɗa, na gwiwar hannu, safar hannu jibga-jibga, sai hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska. Ya girgiza kan yaron don mu ga hular ba ta motsi, ya zura yatsa ɗaya ƙarƙashin igiyar haɓa, ya ce iyakar sararin da ake bari ke nan. Sauran kayan na hannu ya saya, hular kawai ce sabuwa, don tsohuwa tana iya tsagewa ta inda ido bai gani ba. Wannan ya burge ni ƙwarai. Nan take na tuna ɗana da ke hawan kabu-kabu zuwa lakwal kullum da kai tsirara, gabana ya faɗi.

Inna ta ce, “Angona, yaƙi za ka?” Yaron ya yi dariya ta cikin raga.

Ashe yau ko sanda ba a ba su ba. Faɗuwa aka koya musu. Malamar ta sa su lanƙwasa gwiwa su zube ta gefe, sannan su durƙusa, su kafa ƙafa ɗaya, su dafa gwiwa su miƙe. Yaron ya faɗi ya fi sau 10, duk yana tashi da kansa. Ƙwallon ma na gani a hannun ƙanena, baƙar roba ce mai tauri, faifai kamar murfin kwalba babba, nauyinta wajen giram 170. Dalilin ragar fuska ke nan. Bangazar juna da ake gani a talabijin kuwa an hana ƙananan yara, tun 2013 hukumar hoki ta Kanada ta cire ta ga ƴan ƙasa da shekara 13. Kuma in yaro ya bugu a kai, fitar da shi ake yi, sai likita ya duba shi.

Can sai ƙanena ya ce, “Yaya, ni ma fa zan shiga ajin manya.” Mutum mai shekara 41 da hawan jini a gidanmu! Na ce ya fara ganin likita, ya kuma sayi hula irin ta ɗansa, girma ba ya hana kai fashewa. Ya yi alkawari a gaban Inna.

Da yamma wuta ta ɗauke, na aika aka sayo ƙanƙara ta dala 20. Inna ta ɗauki gutsure tana juya shi a tafinta, ya suɓuce ya faɗa ƙasa. Ta ce in kira mata su Asabar mai zuwa, tana son ganin ranar da za a ba shi sandar.

Gobe da safe zan shiga kasuwar Dole neman hular kwano daidai kan ɗana.